Gajiyar Ƙarfe

Sallau mai faci ya ɗoro tankinsa a baro,
tun daga Kwangila yake turi har Muciya.
Ya ce, "Barau, iska ce ke zurarewa,
ɗan ɗiga mini wuta, na bar motoci a layi."

Na san tankin, ni na ɗinke shi
a shekarar da aka haifa mini Hansatu.
Yau ga ta tana kai niƙa da kanta.
Ɗinkin na nan kewaye da ƙugunsa,
ɓawo bisa ɓawo kamar bayan karfasa,
hannuna bai yi rawa ba a ranar,
wutar ma ba a ɗauke ta ba sai la'asar.

Na kaɗa omo a gwangwanin madara,
na shafa, muka yi tsit muna kallo.
Can sai ga kumfa, ƙanana, a jere,
kamar ƙwan kwaɗo a bakin Kubanni.
Ba a tsakiyar ɗinkin ta fito ba,
a gefe ne, inda sabon ƙarfe ya gaisa da tsoho,
inda kowanne ke jan ɗan'uwansa
tun ranar da suka huce tare.

Sallau ya rantse bai taɓa zalunta tasa ba:
"Allurar geji ba ta taɓa taka ja ba,
ban yar da shi ba, ban buga masa guduma ba."
Na ce na yarda.
Sau nawa kake cika shi a wuni?
Ya ce ya kai arba'in ranar kasuwa.

Na tsinci guntuwar waya a ƙasa na ba shi.
Ja ta da ƙarfinka. Ya ja, ba ta tsinke ba.
To lanƙwasa ta, ka miƙe, ka sake.
Bai kai ashirin ba ta rabu a hannunsa,
bakinta da ɗumi kamar an hura.

Haka tankinka yake numfashi, Sallau.
Ya kumbura, ya saki, ya kumbura,
ido ba ya gani, amma ɗinki na ƙirgawa.
Arba'in yau, arba'in gobe,
shekara goma sha ɗaya ba hutun salla,
lissafin ya haura dubu ɗari tuni.
Tsaga takan fara kamar gashin jariri,
kowane cikawa ta ƙara taku ɗaya,
ruwan da ke kwana a gindi ya ba ta tsatsa guzuri.

Ya ce, "Ɗiga kawai, zan biya har da na shayi."
Na ce ramin da ka gani shi ne wanda ya yi magana,
'yan'uwansa na ciki, sun yi shiru.
In na toshe bakin wannan
wa zai gaya maka ranar da sauran za su tashi?
Kuma yaronka Mati a kansa yake zama
yana cin rogo da ƙuli.

Ya daɗe yana duban baron.
Ya ce sabo dubu nawa yanzu? Na faɗa.
Ya yi salati, ya zauna a kan taya.

Da yamma na sa dutse na raba tankin biyu.
Cikin tsagar sumul, da layi-layi
irin wanda ruwa ke bari a yashi in rafi ya janye,
kowane layi da damina tasa.
Rabi ya tafi da shi, ragunansa za su sha ruwa,
rabi na nan, ina zuba kashin walda.

Da na yunƙura zan tashi daga tsugune
gwiwata ta ce ƙas.
Shekara talatin ina durƙusa ina miƙewa,
ban taɓa ɗaukar abin da ya fi ƙarfina ba.